Linzami da ragama: tarihin ƙarfen da ke bakin doki

Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fadar Damagaram ranar hawan salla ya san lokacin da numfashin jama'a ke ɗaukewa. Barade su ja baya can ƙarshen fili, su jeru kafaɗa da kafaɗa, sannan su sako dawaki da sukuwa kamar za su bi ta kan sarki da fadawansa. Sai sun zo gab, taku kaɗan ya rage, a yi zamiya: dawaki su tsuguna bisa ƙafafun baya, ƙura ta turnuƙe, a ɗaga masu da takubba a yi jinjina. Mata su rangaɗa guɗa. Wannan shi ne jahi, kuma ba jiya aka fara shi ba, domin Baturen Ingila Dixon Denham ya ga irinsa kusa da Kukawa a shekarar 1823, lokacin da mahayan Shehu al-Kanemi suka fito taryarsa, ya kuma rubuta yadda suke tsai da dawaki cak daga tsakiyar gudu. Amma wanda ya matsa kusa bayan ƙura ta lafa zai ga abin da mai kallo daga nesa ba ya gani: kumfar bakin dokin sau da yawa ja ce. Abin da ya tsai da shi haka, ƙarfe ne da ke cikin bakinsa.

Mun saba da wannan ƙarfe har ya shige cikin maganarmu ta yau da kullum. Mukan ce a ja wa yaro linzami, mukan ce linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, mukan ce wane ya riƙe ragamar mulki. Ga Bahaushe doki da linzami kamar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, da wuya ya kawo ɗaya a ransa ba tare da ɗayan ba. To amma tarihi bai yarda da haka ba. An yi ƙarnoni ana hawan doki a nahiyarmu, ana farauta da shi, ana yaƙi, ana ma cin nasara, ba tare da an sa masa komai a baki ba. Harshenmu ma ya ba da shaida. Linzami daga Larabci ya zo, haka sirdi, haka likkafa, wadda har yanzu take ɗauke da ragowar «al» ta Larabci a farkonta. Kalmar doki kuwa ba ta yi kama da ko ɗaya daga sunayen da Larabawa ke kiran wannan dabba da su ba. Masanin tarihi Robin Law, a littafinsa na 1980 kan doki a tarihin Afirka ta Yamma, ya kafa hujja da irin wannan: dabbar ta riga kayanta isowa, kuma tsakaninsu akwai tazara mai tsawo.

Ya kamata a fara da fahimtar yadda abin ke aiki, domin ɗalibai da yawa a yau sun fi sanin birkin babur da bakin doki. Tsakanin haƙoran gaba na doki da turamensa akwai gibi, dasashi ne zalla, fata sirirya a kan ƙashi. Nan linzami ke kwanciya. Linzamin ƙasarmu, wanda maƙera ke ƙerawa irin na Magariba, yana da wani harshe na ƙarfe da ke kwance bisa harshen doki, da zobe da ke zagaye muƙamuƙin ƙasa. Idan mahayi ya ja, harshen ƙarfen ya miƙe ya tokari ganɗa, zoben kuma ya matse haɓa. Ciwo daga sama da ƙasa a lokaci guda. Shi ya sa ɗan motsin yatsa ya isa ya juya ingarma, shi ya sa kuma hannun da bai ƙware ba yake yaga baki. Ragama ita ba ta shiga baki, a kan hanci da ƙeya take aiki. Doki yana jin ta, amma idan ya ƙi, ya ƙi.

Masana sun daɗe suna gardama kan inda aka fara sa wa doki wani abu a baki. An jima ana nuna wani wuri mai suna Botai a arewacin Kazakistan, inda aka tono ƙasusuwan dawaki masu ɗimbin yawa na wajen shekara 3500 kafin miladiyya, wasu kuma suka ce zaizayar da ke jikin haƙoransu alamar linzami ce. Binciken ƙwayoyin gado na 2018 ya nuna dawakin Botai ba su ne kakannin dawakin gida na yau ba, wani binciken na 2021 kuma ya kai asalin namu ga filayen da ke tsakanin kogunan Bolga da Don a kudancin Rasha, wajen shekara 2200 kafin miladiyya. Ita ma zaizayar haƙoran an samu masu cewa ana ganin irinta a dawakin jeji da ba wanda ya taɓa hawa. Abin da ba a gardama a kansa shi ne linzamin tagulla ya bayyana a Gabas ta Tsakiya cikin shekaru dubu na biyu kafin miladiyya, tare da keken yaƙi. Kafin nan, a ƙasar Sumer, zobe ake sa wa dangin jaki a hanci kamar yadda muke yi wa takarkari. Likkafa kuwa ƴar baya-bayan nan ce ƙwarai, a Sin aka fara ganinta a ƙarni na 4 na miladiyya. Wato Iskandar Makaduniya da duk sarakunan farko na Rum sun yi hawansu ƙafa na reto.

Inda labarin ya fi daɗi shi ne Afirka ta Arewa. A ƙasar da ake kira Numidiya, gabashin Aljeriya ta yau da wani yanki na Tunisiya, akwai Barbarawa da suka yi suna a duniyar wancan zamani da hawa ba sirdi ba linzami. Masanin ƙasa Istrabon ya siffanta dawakin mutanen wannan yanki da cewa ƙanana ne, masu zafin nama, masu biyayya har da ƴar tsumagiya ake juya su, da igiya a wuya, wasu ma suna bin masu su a baya kamar karnuka. Waɗannan mahaya su ne ƙarfin Hanibal na Kartaj lokacin da ya shiga Italiya. A yaƙin Kanne na 216 kafin miladiyya su suka riƙe fiffike guda na dawakin abokan gaba, suna kai hari suna janyewa, har aka kewaye rundunar Rum aka karkashe ta. Shekara 14 bayan haka, a Zama, sarkinsu Masinisa yana ɓangaren Rumawa da dawakinsa, Hanibal kuma ya sha kashi.

Marubucin tarihin Rum, Titus Libiyus, ya kawo wani labari da ya dace a riƙa karanta wa ɗalibai. A shekarar 193 kafin miladiyya wata rundunar Rum ta faɗa tarko a wani kwazazzabo a arewacin Italiya, mutanen Liguriya sun toshe gaba da baya. Cikin rundunar akwai mahayan Numidiya wajen 800. Shugabansu ya ce a bar masa. Suka fito gaban maƙiya, mutane ramammu a kan ƙananan dawaki marasa linzami, wuya a sandare, kai a miƙe gaba, gudun ma ba kyan gani. Suka riƙa faɗowa da gangan, suna yi kamar dawakin sun fi ƙarfinsu. Masu gadin hanya suka ajiye makamai suka zauna kallo suna dariya. A hankali wasan yana matsowa kusa da bakin kwazazzabon, sai kwatsam suka saki dawaki suka keta ta tsakiyarsu, suka fita fili suka cinna wa ƙauyukan Liguriya wuta. Da masu gadi suka hango hayaƙi daga gidajensu kowa ya ruga ceton iyalinsa, rundunar Rum ta fita lafiya. Abin lura a nan shi ne dalilin dariyar. Mutanen Liguriya sun ɗauka dokin da ba ya lanƙwasa wuya ba horarre ba ne, domin a idonsu lanƙwasar wuya ita ce alamar horo. Mu ma yau haka idonmu yake. Dokin da ya tanƙwara wuya yana taƙama shi muke yaba wa, alhali sau da yawa gudun zafin ƙarfe ne ya sa shi tanƙwarawar. Kimanin shekara 300 bayan wannan, a ginshiƙin da aka kafa wa sarki Tarajan a birnin Rum a 113 na miladiyya, an sassaƙa mahayan Magariba na Lusiyus Kiyetus, kuma ga su nan har yau: gashi a kitse, ba sirdi, ba linzami, sai igiya a wuyan doki.

Wannan bai yi nisa da mu ba kamar yadda za a zata. Duwatsun Azbin cike suke da zanen mayaƙa riƙe da mashi, kusa da su ɗan ƙaramin doki da suke ja da igiya. A Iwelen, arewacin Azbin, inda Jean-Pierre Roset ya yi tono, an samu zanen keken doki tare da kufan mazauni da tsinin masu na jan ƙarfe, na cikin shekaru dubu na ƙarshe kafin miladiyya. Doki ya shigo ƙasar da ake kira Nijar a yau tun kafin Musulunci da ƙarnoni masu yawa, ya kuma ci gaba da gangarawa kudu. Marubutan Larabawa na farko da suka yi zancen ƙasashen Sudan sun tarar da shi a nan. Al-Muhallabi a ƙarni na 10 ya ce mutanen Kaukau, wato Gawo, hawan ƙawara suke yi. Al-Bakri a 1068 ya ce dawakin Gana ƙanana ne ƙwarai. Amma da aka kai ƙarni na 14 hoton ya sāke. Al-Umari, wajen 1337, ya ce sarkin Mali yana da mahaya 10,000, ana sayo masa dawakin Larabawa da tsada, ana kuma hawa da sirdin Larabawa. Ibn Batuta, wanda ya zauna a fadar Mali a 1352 ya kuma ratsa ta Takadda a shekarar da ta biyo, ya ga ana kawo dawaki biyu da sirdi da linzami a tsai da su duk lokacin da sarki ya zauna fadanci. A ƙasar Hausa, Tarihin Kano ya ce Sarki Kananeji, wanda ake sa mulkinsa tsakanin 1390 da 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke.

Duk waɗannan kaya tare suke tafiya, kuma nan ne asirin linzami mai zafi yake. Mahayin Numidiya ba ya gwabzawa. Ya zo a guje, ya jefa mashi, ya karkace ya tafi. Jikinsa ba nauyi, dokinsa ya san shi tun yana ɗan duƙushi, gwiwa da murya da tsumagiya sun ishe shi. Ɗan lifida kuwa wani abu ne dabam. Shi da dokinsa suna lulluɓe cikin auduga mai kauri wadda ke kashe kaifin kibiya, dokin ba ya jin gwiwar mahayi ta cikin wannan tuli, hannu ɗaya na riƙe da mashi ko takobi, dabbar kuma ingarma ce babba da aka ciyar da dawa a barga, ga wasu ingarmu kewaye da ita. Mutumin da ke cikin wannan hali yana bukatar abin da zai tsai da doki nan take da hannu guda, ko dokin ya so ko bai so ba. Sirdi mai tudu gaba da baya ya riƙe shi, likkafa ta ba shi wurin tokarawa, ƙaimi ya tura, linzami ya tsayar. Akwai kuma wani dalilin da ba a cika faɗa ba: dokin sarauta ba na mahayinsa ba ne. Sarki ke sayensa, bayin barga ke kiwonsa ƙarƙashin Shamaki, a ba wa barde ya hau ranar yaƙi, gobe a iya ba wa wani. Inda babu shaƙuwa ta shekaru tsakanin mutum da dabba, ƙarfe ke cike gurbin. Daga wannan tsari sarautunmu na Madawaki da Ubandawaki da Sarkin Lifidi suka fito, da shi kuma Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tsibiri suka riƙe kansu tsawon ƙarni na 19 suna kai wa daular Sakkwato hari, da shi Damagaram ta yi ƙarfi zamanin Tanimun.

Sai dai babban doki yana da farashi, kuma farashin mutane ne. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leon na Afirka, ya rubuta a farkon ƙarni na 16 cewa sarkin Barno yana ba fataken Magariba bayi 15 zuwa 20 a kan doki guda. Tarihin Kano ma ya ce Kananeji yana aika dawaki Kwararrafa ana aiko masa da bayi. A sayi doki da bayi, a hau dokin a kamo wasu bayin, a sake sayen doki. Tun da manyan dawakin ba sa daɗewa a ƙasashen ƙudan tsando da cututtukan damina, dole kullum a sabunta, ƙafar fatake ba ta ɗaukewa. Ban ga amfanin ɓoye wannan ga yara ba idan ana koya musu tarihin hawan salla. Kwalliyar gaskiya ce, fasahar dukawa da maƙera da masu saƙa gaskiya ce, amma abin da ya biya kuɗinta shi ma gaskiya ne.

Su wa ake kamawa? Sau da yawa waɗanda suka riƙe tsohon hawa ne. A ƙarshen 1851 zuwa farkon 1852 Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani a nan da Abdulkarim, ya bi rundunar Barno zuwa ƙasar Musgu a bakin kogin Logon, ya ga yadda aka ƙone garuruwa aka kwashe mutane. Musgawa suna da ƙananan ƙuraye masu ƙarfi da suke hawa ba sirdi ba likkafa. Haka a tsaunukan Jos, Birom da Ron da Angas da Magabul suna da nasu ƙuru, gajere, mai hawan dutse kamar akuya, wanda ake sarrafa shi da abin da ke kan hanci, bakinsa a sake. Da shi suke farautar gayya, da shi suke yaƙi, kuma dawakin Bauci da duk lifidinsu ba su iya mallake saman tsaunin ba har zuwan Turawa. A kan duwatsu nauyi ya zama kaya, ƙuru ya fi ingarma. Kalmar da muke amfani da ita ga irin hawansu ma ta nuna yadda muka ɗauke su: hawan ƙawara a bakinmu ya koma sunan danniya da cin fuska, ƙuru kuma abin raini ne a barga.

Kada mai karatu ya yi saurin cewa ashe waɗancan su ne masu tausayin dabba, mu ne mugaye. Barth ɗin nan ya rubuta cewa Musgawa suna yi wa bayan ƙurunsu rauni mai faɗi su bar shi ɗanye, domin mahayi ya manne kada ya zame. An ba da rahoton irin wannan al'ada a tsaunukan Jos ma. Wanda ba ya da likkafa ya nemi riƙo a fatar dabbar, wanda ke da likkafa ya neme shi a ganɗarta. Ko a ɓangarenmu ma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Tsofaffin masu dawaki sun san bambancin mai hannu da marar hannu, kuma gwanin gaske yakan bar linzami sako-sako yini guda, doki na tafiya da nauyin zamansa kawai. A ƙauyuka har yanzu yaro yakan haye goɗiya ba sirdi, da ragama kaɗai, ya kai ta rijiya ya komo. Buzu kuma raƙuminsa ba ya sanin ƙarfe a baki, da igiya da tafin ƙafa a wuya yake juya shi, a cikin sukuwa ma. Tsohon ilimin bai mutu ba, sunansa ne ya faɗi.

Abin mamaki, a Turai da Amurka yanzu ana komawa gare shi, ana sayar da kayan kai marasa linzami da tsada, ana buɗe makarantun koyon hawa da igiyar wuya kawai, irin wadda ke jikin ginshiƙin Tarajan. Sunan da makiyayan Amurka ke kiran irin wannan ragama ma daga Sifaniyanci suka are shi, Sifaniyawa kuma daga kalmar Larabci «shakima» suka samo. A gasar horon doki ta duniya, wadda har yanzu ke wajabta linzami, idan alƙali ya ga ɗanyen jini a bakin doki ana fitar da mahayin daga gasar. Da za a kawo wannan doka filin jahinmu, ban san barade nawa za su rage a kan layi ba. Ba ina cewa mu kwaikwayi kowa ba ne. Ina dai ganin linzamin da aka ƙera domin ɗan lifida a fagen fama yanzu yana hannun samarin da suka ari doki domin biki ko hawan angwanci, ba su tashi a barga ba, ba kuma wanda ya koya musu sassauta hannu.

Ga ƙungiyoyin al'adu da malaman makaranta akwai aikin da ba ya bukatar kuɗi mai yawa, kuma lokacinsa na ƙurewa. Maƙeran da suka san ƙirar linzami iri-iri, mai zafi da mai sauƙi, suna tsufa, ƴaƴansu sun koma walda. Dukawan da ke ɗinka ragama da bauji da jalala su ma haka. Sunayen launin doki kaɗai, akawal da kili da danda da bidi da hurde da gunya, ƙamus ne da ɗalibin yau ba zai iya kawo rabinsa ba, balle ya bambance ɗan Azbin na dutsen Bagazam da sauran dawaki. Malami a Tasawa ko Mirya ko Madawa zai iya tura ɗalibansa su zauna da wani tsohon mai kiwon doki su tambaye shi abu uku: da me ake fara horar da duƙushi, wata nawa yake yi da ragama kafin a sa masa ƙarfe, kuma ya taɓa sanin dokin da aka hau har ya tsufa ba a sa masa ba. A rubuta amsar da kalmominsa, da karin harshen garinsu, a haɗa da zanen kowane linzami da aka samu rataye a zaure, da sunan da mai shi yake kiransa.